Gwanin Bayan Kamfani

Kowane kamfani a Sharaɗa, Challawa ko Bompai ƙofa biyu gare shi. Ta gaba ita ce wadda tireloli ke fita da kaya, mai gadi yana ɗaga musu hannu. Ta baya kuwa bututu ne ko kwata, ba ta da mai gadi, kuma ba a kulle ta dare ko rana. Abin da ya bi ta cikinta a Sharaɗa yakan gangara rafin Salanta ya faɗa Kogin Challawa. Na rukunin Challawa da ke Kumbotso ba shi da doguwar tafiya, kogin yana gindinsa. Na Bompai yakan bi Getsi ya haɗu da Jakara, ya nufi madatsar Wasai a Minjibir, a hanya kuma manoman rani suna jan sa da injin ban-ruwa zuwa lambunan alayyafo da latas da kabeji. Malaman Jami'ar Bayero da ɗalibansu sun daɗe suna ɗibar wannan ruwa da ƙasar bakinsa suna aunawa, kuma abin da ake yawan samu shi ne ƙarafa masu guba, irin su kurom da darma, fiye da kima.

Akwai mutumin da wannan ƙofa ta baya ita ce aikinsa. Wani wurin jami'in muhalli ake ce masa, wani wurin shi ne dai injiniyan da ke kula da wuta da ruwa da tukunyar tururi, aka ƙara masa da wannan. Ba ya cikin waɗanda ake gabatarwa idan baƙi sun zo. Amma idan ya iya aikinsa, ya fi kowa sanin kamfanin, har da akawu, domin akawu kuɗi kawai yake bi, shi kuwa yana bin ruwa da mai da wuta da sinadari tun daga shigarsu har fitarsu. A 'yan shekarun nan an ƙara masa makami, wato ƙirƙirarriyar basira, manhajar da ke koyon ɗabi'ar abu daga tarin alƙaluman da aka ba ta. Ana yawan maganarta kamar ita ce za ta yi aikin. A ganina gwanintar tana wurin mai riƙe da ita, kuma gwaninta ce da ta cancanci a tsaya a dube ta da kyau.

Kamfanin fata ya fi dacewa a fara da shi, don fata ce ta daɗe tana ɗaure Kano da kasuwar duniya. A da, jar fatar akuyar Sakkwato da Maraɗi ayari ke ƙetare hamada da ita, Turawa suna saye da sunan fatar Maroko. Majeman gargajiya na wajen Ƙofar Wambai da toka da bagaruwa suke aiki, kuma dattinsu ƙasa tana iya cinye mafi yawansa. Jimar zamani daban ce. Ana jiƙa fata a wanke gishirin da aka adana ta da shi, a zuba ta a manyan ganguna masu juyawa tare da farar ƙasa da sinadarin salfaid don gashi ya zube, a sake wankewa, a tsuma ta a asid da gishiri, sannan a ba ta kurom. Nan take fitowa shuɗiya da danshinta, abin da ma'aikata ke kira wet-bulu. Tan ɗaya na ɗanyar fata bai cika ba da abin da ya wuce kilo 200 zuwa 250 na gamammiyar fata ba. Sauran gashi ne da nama da kitse da yanke-yanke. Ruwan da ake kashewa a kan wannan tan ɗaya, a tsohon tsari, yakan kai lita 30,000 ko fiye. Kurom ɗin kuma, wanda da dala ake shigo da shi, fatar kan sha kusan kashi biyu cikin uku, ragowar ya bi ruwa.

Darasin farko na gwanin ba ya buƙatar kwamfuta ko kaɗan. Ruwan zubar da gashi da ruwan asid ba sa haɗuwa a kwata ɗaya. In suka haɗu, iska mai warin baragurbin ƙwai ce ke tashi, kuma idan ta yi yawa hanci ma daina jin ta yake yi, mutum ya sauka rami don ya share, ya faɗi a ciki. Saboda haka ake raba magudanan: na salfaid a hura masa iska har gubar ta mutu, na kurom a ware shi daban, na wanki ya bi tasa hanyar. Wanda bai raba waɗannan ba, ko wace irin manhaja ya saya, kuɗinsa ya zubar.

Inda manhajar ke shigowa shi ne matsalar lokaci. Gwajin da aka fi sani na auna ƙazantar ruwa, wanda ake kira BOD, kwana biyar yake ɗauka, domin sai an ajiye ruwan an ga yawan iskar da ƙwayoyin halitta suka sha wajen cinye dattin. Ɗan'uwansa COD ya fi sauri, amma shi ma sai an dafa ruwan da sinadari na awa biyu, ban da ɗiba da kaiwa da jiran layi. Auna kurom kuma sai da injin ɗakin gwaji. Kafin takardar sakamako ta dawo, ruwan da ake magana a kansa ya wuce Tamburawa tuntuni. Jami'in muhalli na da can labarin abin da ya riga ya faru yake karantawa, ba shi da abin da zai iya yi sai rubuta shi a littafi.

Akwai kuwa abubuwan da ƙananan na'urori ke iya aunawa kowane minti: tsamin ruwa ko kaifinsa a ma'aunin pH, yawan gishirin da ya narke a ciki, duhunsa, zafinsa, da yawan da ke gudu a bututu. Babu ko ɗaya cikinsu da zai gaya maka BOD shi kaɗai. Amma idan ka tara su wata da watanni, ka jera kowane awo kusa da sakamakon da ɗakin gwaji ya bayar na wannan sa'ar, manhajar tana iya gano yadda suke tafiya tare. Sai gwanin ya ɓoye mata wani kaso na sakamakon, ya ce ta faɗa, ya gwada da gaskiyar da ke hannunsa. Idan tana dacewa, an samu ma'aunin da ke ba da kintace nan take maimakon kwana biyar. Ranar da ta ce ruwan da ke zuwa ya yi nauyi, sai a karkatar da shi zuwa tankin jira, a ƙara alif ko a ƙara iska, kafin ya fita daga katanga.

A takarda abin kamar da sauƙi. Wahalar tana cikin shirya abin da za a koya mata. Ruwan da ya shiga tanki da ƙarfe goma na safe ba shi ne ke fita da ƙarfe goma ba, yana iya yin awoyi a ciki, don haka sai an daidaita lokutan, in ba haka ba manhajar za ta haɗa safiya da la'asar ta koyi shirme. Kan na'urar da ke cikin ruwan fata kitse da farar ƙasa suna toshe shi cikin 'yan kwanaki, ya ci gaba da ba da lamba ɗaya mai kyau. Baƙo zai ga miƙaƙƙen layi a allo ya ce ruwa ya daidaita, gwani kuwa ya san ruwan kamfanin fata ba ya zama wuri ɗaya, sai ya ɗauki burushi da ruwan saiti ya nufi rami. Idan wuta ta ɗauke na'ura ta rubuta sifili, dole a gaya wa manhajar cewa wannan giɓi ne, ba wai kamfanin ya daina zubar da ruwa ba. Akwai kuma littafin ma'aikatan dare, inda wani lokaci za ka tarar da lamba ɗaya an maimaita ta sau takwas da biro ɗaya, alamar an cike shafin ne gab da tashi. Gwanin ba ya tsawa a kan wannan. Yakan cire shafin daga lissafi, sannan ya nemi dalilin, wanda sau da yawa bai wuce rashin fitila a bakin tankin ba.

Sai kuma yanayin Kano kansa. Abin da manhajar ta koya da hunturu ba lalle ya yi aiki da bazara ba, domin ƙwayoyin halittar da ke cinye datti a tankin iska suna canza hali da zafin ruwa. Damina takan kwararo ruwan sama cikin magudana ta tsarma komai. Bayan Babbar Sallah fatun layya suna shigowa da yawa, wasu an zuba musu gishiri fiye da kima, wasu sun fara ɓaci kafin su iso, sai ruwan jiƙo ya zama wani abu daban. Shi ya sa mai hankali ba ya amincewa da manhajar da ba ta ga cikakkiyar shekara ba, kuma ko bayan nan ba ya daina aika ruwa ɗakin gwaji don ya riƙa kama ta idan ta fara kaucewa. Ita kamar yaron shago ce mai kaifin hadda: duk abin da ya taɓa wucewa ta gabansa ba ya mantawa, amma ranar da baƙon abu ya zo zai amsa da irin ƙarfin halin da ya saba, ko da bai san komai a kai ba. Maigidan ne ya san ranar da ba za a bar masa shagon ba.

Wurin da na fi jin daɗin wannan aiki shi ne a gangar kurom, don a nan ne ribar kamfani da lafiyar kogi suke zama abu ɗaya. Yawan kurom ɗin da fata za ta sha ya danganta da abubuwa da dama: akuya ce ko tunkiya ko saniya, kaurinta, zafin ruwan, awoyin da gangar ta juya, da yadda aka ɗaga pH a hankali daga kusan 3 zuwa kusan 4. A Kano akwai ƙarin abu ɗaya, wato sau nawa wuta ta ɗauke gangar ta tsaya. Tsofaffin masu jima suna da wannan a ido da hannu, sukan yanka gefen fata su duba ko shuɗin ya ratsa. Amma da yake ba wanda ke son a ce kayansa bai jimu ba, al'adar ita ce a zuba sinadari da ɗan ƙari, kuma wannan ƙarin ne ke tafiya kogi. Idan aka rubuta kowane zubi da abin da ya rage a ruwansa, ɗaruruwan zubi, manhajar tana iya nuna inda za a rage ba tare da fatar ta lalace ba. Abin da ya rage kuma ana iya kwantar da shi da sinadarin magnisiya, a tace, a narkar da shi da asid, a mayar ganga. Gwanin kirki ba ya zuwa ya ce wa tsohon majemi kwamfuta ta ce. Yakan ce, Baba, a gwada a ganga ɗaya mu gani, in ta ɓaci laifina ne. Da haka ake samun haɗin kan mutumin da ya yi shekara talatin yana yankan gefen fata.

Masu saye ma suna matsawa. Tun 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da kayan fata masu taɓa jiki idan nau'in kurom mai haddasa cutar kansa, wanda ake kira na shida, ya kai miligiram 3 a kilo ɗaya. Wanda ake jima da shi nau'i na uku ne, amma rashin kula da zafi da pH da irin man da aka shafa wa fata yana iya juya shi ya koma na shida. Ƙungiyar Leather Working Group, da aka kafa a 2005, tana tura masu bincike su duba ruwa nawa da wuta nawa kamfani ke kashewa a kan fatar da ya fitar, da inda dattinsa ke zuwa, kuma manyan masu takalma da jakunkuna na duniya suna tambayar wannan shaida. Fatar da za ta je Italiya ko Sifen yanzu tana tafiya ne da lissafinta.

Ɗaya rabin aikin wuta ce, kuma wannan ya shafi kowa: masu roba, masu matse man gyaɗa da waken suya, masu casar shinkafa, masu lemo da biskit da alawa. A Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar rukunin A zuwa naira 225 a kan kowane yunit, ninki uku da ɗoriya na yadda yake a da. Idan kamfanin wuta na KEDCO ya ɗauke kuma sai janareta, wanda kowace lita ta dizal da ya ƙona takan saki kusan kilo 2.7 na iskar kabon. Kamfanoni da yawa mita ɗaya gare su, a bakin ƙofa, wadda ke faɗin jimla a ƙarshen wata ba tare da ta ce wa ya ci ba. Gwanin yakan sa ƙananan mitoci a kan manyan injina, ya bar manhajar ta koyi yadda kowanne ke jan wuta idan yana lafiya. Daga nan duk abin da ya saɓa sai ta yi magana. Kwamfiresa da ke tashi kowane minti goma da ƙarfe biyu na dare, alhali ba kowa a ɗakin aiki, tana nufin iska na zurarewa a wani bututu. Motar injin da jan wutarta ke ƙaruwa kaɗan-kaɗan mako bayan mako tana nufin boris ya fara ci, kuma gara a canza shi ranar hutu da ya ƙone ana tsakiyar aiki. Ana kuma iya tsara aiki da wannan sani, a ajiye injina masu nauyi zuwa awoyin da wutar layi ta fi tsayawa, a rage kunna babban janareta don ƙaramin aiki, abin da ke shan mai a banza.

Hasken rana ya shigo lissafin tun da aka buɗe tashar sola mai megawat 10 a rukunin Challawa a Janairun 2023, kuma wasu kamfanonin suna shimfiɗa nasu a rufi. Nan ma akwai abin koyo, domin ƙurar hunturu tana rage abin da faranti ke bayarwa, wanke shi kuma ruwa ne da kuɗin leburori. Manhajar da ta san abin da ya kamata faranti ya bayar a irin wannan rana tana iya faɗin ranar da asarar ta fi kuɗin wanki. Ana yawan kawo misalin kamfanin Google, wanda a 2016 ya ce manhajar DeepMind ta rage masa kashi 40 cikin 100 na wutar sanyaya ɗakunan kwamfutocinsa. Masu tallar manhaja suna son wannan adadi. Abin da ba su cika faɗa ba shi ne dubban na'urorin awo sun riga sun daɗe suna tara bayanai a wurin kafin manhajar ta zo. A Sharaɗa ma da mitar ake farawa. Kuma irin manhajar da ake buƙata a nan ƙarama ce, kwamfutar tafi-da-gidanka ta ishe ta, ba sai da intanet mai ƙarfi ba.

Daga ƙarshe akwai takarda. Hukumar muhalli ta NESREA, da aka kafa a 2007, ta fitar da ƙa'idojin masaƙu da kamfanonin fata da takalma a 2009, kuma tana neman a riƙa binciken muhalli na kamfani duk shekara uku. A Yunin 2023 aka fitar da ƙa'idojin duniya na rahoton ɗorewa, IFRS S1 da S2, kuma Nijeriya tana cikin ƙasashen farko da suka ce za su bi. Manhajojin da ke karatu da rubutu suna da amfani sosai a nan: su karanta rasiɗan dizal da takardun kuɗin wuta da sakamakon gwaji na shekara guda, su jera su, su tsara daftarin rahoto cikin yini ɗaya maimakon makonni. Sai dai suna da wani mugun hali, idan ba su sami lamba ba sukan ƙirƙiro mai kama da gaskiya, su rubuta ta da Turanci mai santsi. Ƙa'idar gwani ita ce duk lambar da ke cikin rahoto sai ya iya ɗora yatsa a kan rasiɗinta ko mitarta.

A nan ne kuma ake gane ko mutumin kirki ne, ba gwani kawai ba. Hanyoyin yaudara sanannu ne. Ana iya sakin ruwan burtsatse a cikin kwata don a tsarma datti ranar ɗibar samfur. Ana iya aunawa da rana a saki mai nauyin da dare. Manhajar da aka koyar da irin waɗannan alƙaluma za ta rantse cewa ruwan tsaf yake. Mai gaskiya yakan ninka ƙarfin dattin da yawan ruwan da ya fita, ya fito da kilo nawa na kurom ya bar katanga a yini, lambar da tsarmawa ba ta iya ɓoyewa. Yakan kuma gwada abin da aka sayo da abin da ya shiga fata da abin da aka kwantar a tanki. In lissafin bai rufe ba, ya san akwai wata ƙofar da bai gani ba, sai ya sa takalmin roba ya bi bututun da ƙafa.

Duk wannan ba ya tafiya sai mai kamfani ya yarda, kuma masu kamfanonin Kano, da wutar nan da canjin dala da kayan waje da ke cika kasuwa, ba su da kuɗin ado. Tambayar da za a yi masa ɗaya ce: Injiniya, nawa za mu kashe, yaushe zai dawo? Wanda ya fara da zancen ɗumamar yanayi da alƙawarin da Nijeriya ta yi a taron Gilasgo na daidaita hayaƙinta nan da 2060 ya rasa Alhaji tun a jimlar farko. Gwani yakan ce, ranka ya daɗe, kwamfiresar can tana cin dizal kaza duk dare, a ba ni mita uku da wata biyu. Idan wannan ya biya kansa, sai ya nemi na'urar pH, bayanta ta auna gudun ruwa.

Irin wannan mutum sai ya haɗa sani uku da ba a cika koyar da su a aji ɗaya ba: sinadaran sana'ar, irin wanda cibiyar NILEST ta Zariya ta daɗe tana koyarwa a fannin fata; aikin injina da wuta, irin na Jami'ar Bayero da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kano da jami'ar Wudil; sai kuma iya sarrafa alƙaluma, wanda matasa da yawa yanzu a waya da kwamfutarsu suke koya. Jadawalin Majalisar Rahoton Kuɗi ta Nijeriya ya sa 2028 a matsayin shekarar da rahoton ɗorewa zai zama dole ga manyan kamfanoni, ƙanana da matsakaita kuma 2030. Manya za su fara tambayar masu kawo musu kaya tun kafin nan, bankuna ma haka. Kamfanin da ke son alƙalumansa su ratsa hunturu da bazara da damina da fatun layya kafin a tambaye shi, aƙalla shekara guda kafin ranar ya kamata mitocinsa su fara juyawa.